Tafiyar Ƙasa Daga Wudil Zuwa Bakin Bahar Maliya

Wudil gari ne na ƙasar Kano, yana kudu maso gabas da birni, tsakaninsu kamar kilomita 40. An san shi da abu biyu, watau kasuwar shanu wadda ta ke ci ran Jumma'a, da kuma kogin da ya bi ta gefen gari. Kogin nan haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Calawa. In ya wuce Wudil sai ya nufi Haɗeja, can gaba ya gamu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, su gangara Tafkin Cadi. A kansa akwai gada, babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri kuwa ta kan gadan nan ta bi.

Wanda ya tsaya bakin gada ya fuskanci gabas, zai ga hanya ta miƙe, motoci suna ta kai da kawowa. Amma ba kowa ya san inda ta ƙare ba. In mutum ya bi ta bai ratse ba, zai keta Barno, ya taɓa Kamaru, ya ratsa Cadi da Sudan, ba abin da zai tsai da shi sai Bahar Maliya. Nisan wurin nan, ko tsuntsu ne ya tashi a miƙe, ya fi kilomita 3,000, balle mai bin hanya da kwane-kwanenta, wanda zai yi wajen 4,000. Duk da haka mutanen ƙasan nan da yawa sun taka ta da ƙafafunsu, maza da mata, har da masu goyo, don zuwa aikin Hajji. Ba su fi mutanen yanzu ƙarfi ba. Abin da ya kai su shi ne sun san yadda a ke yanka doguwar tafiya zango zango, sun kuma san yadda a ke kwana a daji a tashi lafiya.

Dalilin Bin Gabas

A zamanin da can, alhazan ƙasashen nan hamada su kan keta. Su bi ta Agadas ko ta Bilma, su isa Masar, sa'an nan su shiga ayarin Misirawa zuwa Makka. Ta hamada Mansa Musa, Sarkin Mali, ya bi a shekarar 1324, ya sauka a Alƙahira. Amma hanyar hamada ta masu raƙuma ce da masu dukiya. Talaka ba shi da halinta, domin daga rijiya zuwa rijiya kwanaki ne, ba kuwa gonaki a tsakani balle ya yi ƙwadago ya sami na abinci.

Hanyar gabas kuwa ta cikin ƙasar gero da dawa ta bi. Akwai garuruwa da kasuwanni a kanta, saboda haka mai jaki ɗaya, ko wanda ba shi da kome sai kayan da ke kansa, yana iya bin ta. An daɗe ana bin ta, amma ta fi cika daga 1903. A shekaran nan ne Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka cim musu a Burmi cikin ƙasar Gombe, ya rasu a fagen fama. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, ya kafa gari a bakin Kogin Nilu, kudu da Sinnar. Garin yana nan har yau, da sunansa a ke kiransa. Tun daga lokacin mutane suka riƙa bin sawunsu ayari ayari. Daga Kano hanyar ba ɗaya ba ce, akwai ta Gumel da Haɗeja, akwai kuma ta Wudil, amma dukansu Barno su ke nufa.

Shiri Da Guzuri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyya ya kan shekara yana shiri. Ya biya bashin da a ke binsa, ya mai da ajiyar da aka ba shi, ya bi 'yan'uwa da maƙwabta yana neman gafara, domin ba shi da tabbacin komowa. Lokacin tashi kuwa bayan kaka ne, sa'ad da amfanin gona ya zo gida, koguna suka ja, hanya ta bushe, tafkuna kuma ba su ƙafe ba tukuna. Sanyin hunturu abokin matafiyi ne. Wanda ya yi nawa har bazara ta shigo, to, ga zafin rana ga ƙarancin ruwa.

Guzuri a kan zaɓi abin da ba shi da nauyi, ba ya kuma lalacewa da wuri: garin gero, da ƙanzo, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da barkono, da gishiri, da 'yar kanwa. Kayan aiki su ne ƙaramar tukunya, da ƙwarya, da buta, da gora ko salka, da tabarma ko buzu, da gwado na rufa, da wuƙa, da gatari, da igiya, da allura da zare, da ƙyastu na ƙyasta wuta. Takalmi faɗe ne, ba a kuwa fara tafiya da sabo, don kada ya yi wa ƙafa bororo. A kan riƙe ɗan man shanu ko man kaɗanya na shafawa saboda faso.

Mai jaki ya ɗaura masa akumari ya aza mangala, ya daidaita nauyin gefe da gefe don kada bayan dabba ya yi miki. Wanda ba shi da jaki ya naɗa gammo. Duk abin da ba a bukatarsa kullum a gida a ke barinsa, gama kayan da mutum ya ɗaga a ƙofar gida ya ce ba nauyi, in ya yi awa biyar da shi a ka sai ya ji kamar an daɗa masa dutse. Masu dabara kuma su kan juya kuɗinsu su sayi 'yar haja, kamar hula da jemammiyar fata da turare, domin sulen Nijeriya ba ya ci a Cadi, kuɗin Cadi kuma ba ya ci a Sudan, amma haja ko ina tana da mai saye.

Tsarin Ayari

Ba mai kama hanyan nan shi kaɗai. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun riga sun shirya tsarin tafiya tun da daɗewa. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi da ranar hutu, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da wuraren ruwa. Uban dawaki shi ke tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna. Akwai kuma malami mai jan salla da rubuta lissafi. Alhazai suka ɗauki tsarin nan gwargwadon yawansu. Ko su ashirin ne sai sun sami shugaba, galibi wanda ya taɓa bin hanya, ko wanda ya iya Larabci.

Da asuba a ke tashi. An idar da salla, sai a ɗaura kaya, a kama hanya tun da sauran duhu. Da hantsi a ɗan tsaya a sha fura, a gyara ɗaurin jakuna, sa'an nan a ci gaba. Kafin rana ta take tsaka an isa masauki. Mutum mai kaya yana cin kilomita 4 ko 5 a awa ɗaya, saboda haka tafiyar awa biyar ko shida ita ce kamar kilomita 25. Ba da saurin mai ƙarfi a ke auna tafiyar ayari ba, da na tsoho da mai goyo a ke aunawa, gama ba a barin kowa a baya. Bayan 'yan kwanaki kuma a kan yini a wani gari mai kasuwa, a yi wanki, a sayi hatsi, dabbobi su huta.

Daga Kano zuwa Wudil ƙaƙƙarfan saurayi ya kan yi a yini ɗaya, amma ayari mai mata da yara sai ya kwana a hanya. Kafin a gina gada, a nan matafiyi ke fara koyon sha'anin kogi. Da rani a bi mashigi a taka ruwa, in kuwa kogi ya kawo sai a jira masu fito, a biya su, mutane da kaya su shiga jirgi, jakuna a riƙe igiyarsu su yi iyo a gefe. Matafiya suna da doka ɗaya game da kogi, ita ce a ƙetare shi tukuna sa'an nan a sauka, domin ruwan da ya ke iyakar gwiwa da maraice yana iya shan kan mutum da safe.

Yadda A Ke Yada Zango

Kalman nan zango ma'ana biyu gare ta. Wurin da ayari ya sauka zango ne, tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ce. In akwai gari kusa, shugaba ya kan fara zuwa ya gai da mai gari, a nuna musu inda za su sauka. Manyan garuruwa suna da sarkin zango, wanda aikinsa ke nan, saukar da baƙi.

In a daji dare zai yi, sai jagaba ya zaɓi wuri da lura. Ana son kusa da ruwa, amma ba a bakinsa ba, saboda sauro da namun daji masu zuwa sha da dare. Ba a sauka a cikin busasshiyar ƙorama kome kyan yashinta, gama ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya kwararowa tsakar dare, alhali a nan ko ɗigo ba a yi ba. Ba a kwana ƙarƙashin busasshen itace. A kan share ciyawa saboda maciji da kunama, da kuma gudun gobara.

Da an sauke kaya kowa ya san aikinsa. Samari su tafi itace da yankan ciyawa, mata su aza tukunya, magidanta su ɗebo ruwa su kafa 'yan bukkoki. A tara kaya a tsakiya, mata da yara su kwanta kusa da su, maza su kewaye. Jakuna a dabaibaye su su yi kiwo, magariba na yi a ɗaure su a turke. Inda a ke tsoron kura ko zaki, sai a sari ƙaya a yi shinge, a hura wuta, a riƙa gadi bi da bi har gari ya waye. Mai zagayawa ya yi nisa da wurin ɗibar ruwa. Da asuba kowa ya kakkaɓe takalminsa da tabarmarsa kafin ya taɓa, a binne wuta da ƙasa, shugaba ya ƙirga mutane, sa'an nan a tashi.

Zangon da aka daɗe ana sauka ya kan zama unguwa ko gari. Daga nan aka sami sunaye irin su Zangon Barebari cikin birnin Kano, da Zangon Daura, da Zangon Katab. A Gana ma unguwannin baƙi Musulmi zango a ke kiransu har yau.

Hanya Da Ruwanta

Daga Wudil hanya ta bi ta Azare, da Fataskum, da Damaturu, ta kai Yerwa, watau Maiduguri, tafiyar mako uku ko huɗu. Gabas da nan, wajen Dikwa da Ngala, akwai fili na baƙar laka wadda a ke kira firgi. Da damina ruwa ya kan kwanta a kansa ba ya ƙetaruwa, da rani kuma ya tsattsage. In an wuce shi sai Kusuri a ƙasar Kamaru, a yi fito a haye Fallomi, babban birnin Cadi, wanda aka sake wa suna Injamena a 1973. Daga nan sai Ati, sai Abashe ta ƙasar Wadai, sai Adare a kan iyaka, sai Jinaina, garin farko na Sudan. A bi ta gefen Dutsen Marra, wanda tsawonsa ya kai mita 3,000, a isa Fashir, sa'an nan a shiga rairayin Kurdufan, a bi ta Nahud zuwa Ubayyid.

A cikin rairayin nan rijiyoyi kaɗan ne. Mutanen wurin sun sami wata dabara: su kan rarake cikin kuka, su cika ta da ruwan sama da damina, da rani su riƙa ɗiba, har su sayar wa matafiya. Suna kuma shuka kankana da yawa, mutum da dabba su sha maimakon ruwa. In zafi ya tsananta, ayari ya kan juya tafiyarsa, a yi ta da dare a farin wata, a kwanta da rana. Wata wahalar kuma ƙarangiya ce, mai manne wa tufa da ƙafa.

Cuta ta fi namun daji da 'yan fashi kashe matafiya, yawancinta kuwa daga ruwa ta ke. Ruwan kududdufi ya kan kawo atini. Ya kan kuma kawo kurkunu, wanda ba ya fitowa sai bayan kamar shekara guda da shan ruwan, ya kwantar da mutum wata da watanni a garin da bai san kowa ba. Tace ruwa da ƙyalle yana hana kurkunu, amma tafasawa ta fi, don tana kashe sauran ƙwayoyin cuta. Agana ma ta ci mutane da yawa. An kawar da ita daga duniya a 1980, an kuma tabbatar da Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013.

Neman Guzuri A Hanya

In an raba kilomita 4,000 da 25, za a sami kwana 160, watau wata biyar da 'yan kwanaki. Amma kaɗan ne suka isa a wannan lokaci. Guzurin da aka ɗauko daga gida ba ya kai mutum ko rabin hanya. In ya ƙare sai a zauna a yi sana'a, a tara na zango na gaba. Mai ɗinki ya yi ɗinki, wanzami ya yi aski, malami ya koyar da yara, masunci ya shiga kogi, wanda ba shi da sana'a ya yi ga-ruwa ko ƙwadagon gona. Damina in ta tarad da ayari, dole a tsaya a yi noma, a girbe, kana a wuce. Saboda haka wani ya kan shekara uku, wani bakwai, yaron da aka fita da shi a goye ya komo da wayonsa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a tsakanin rassan Nilu biyu. Dubban alhazai suka sami aikin tsinkar auduga a nan. Waɗansu suka tara kuɗi suka wuce, waɗansu kuwa zama ya miƙe, suka hayayyafa. Jikokinsu suna nan a Mai Wurno, da Wad Madani, da Gadarif, da Kasala, 'yan Sudan ne amma da yawa suna jin Hausa. Gasasshen naman nan mai yaji da ƙuli-ƙuli, mutanen Sudan agashe su ke kiransa, sunan kuwa daga bakin Hausawa ya fito.

Bakin Teku

Tun wajen 1912 jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, mai kuɗi sai ya shiga ya huta. Marar kuɗi ya ci gaba da takawa, ya ƙetare Nilu, ya hau duwatsun da ke tsare da Bahar Maliya, ƙasar kabilar Beja masu raƙuma, sa'an nan ya gangara gaɓa. A nan Bahaushen da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Wudil ko na Cadi ba zai ga ruwan da ba a hangen ƙetarensa. Tsohuwar tashar alhazai ita ce Sawakin, wani gari a kan ɗan tsibiri, wanda aka gina gidajensa da dutsen murjani na cikin teku. A farkon ƙarni na 20 aka gina sabuwar tasha, Fot Sudan, kamar kilomita 60 arewa da ita.

Tafiya a gaɓar teku dabam ta ke da tafiyar daji. Ga ruwa iyakar ganin ido, amma ba ya shawuwa, wanda ya sha ƙishirwa za ta daɗu, domin jiki sai ya fid da ruwa mai yawa kafin ya rabu da gishirin. Rijiyoyin gaɓa kaɗan ne, ruwansu da zartsi. Itatuwan inuwa ba su da yawa, iska kuma da gumi, zufa ba ta bushewa. Wani wuri ƙasar gishiri ce, samanta a bushe ƙarƙashinta taɓo, mai nutsar da ƙafa. Ɗan ruwan saman da a ke samu ma da hunturu ya ke zuwa, ba da damina irin ta ƙasar Hausa ba.

Wanda ke da fasfo da kuɗin jirgi, a kan yi masa lamba, a tsare shi 'yan kwanaki a ga lafiyarsa, sa'an nan ya shiga babban jirgi zuwa Jidda, nisan kamar kilomita 300. Waɗanda ba su da takarda su kan bi gaɓa da dare, su nemi wani lungu inda masu ƙananan jiragen iska, waɗanda a ke kira sambuk, ke ɗaukar mutane a ɓoye. Wannan kasada ce babba. Tekun cike ya ke da duwatsun murjani masu fasa jirgi. Sau da yawa kuma a kan sauke mutane can kudu da Jidda, a ce musu sun iso, sai sun yi kwanaki suna bin gaɓa cikin ƙishirwa. Waɗansu suka mutu, waɗansu aka kama su ko 'ya'yansu aka sayar, gama ba a hana bauta a ƙasar Saudiyya ba sai 1962. Wanda ya isa Jidda lafiya, saura kamar kilomita 70 tsakaninsa da Makka, zango biyu ko uku.

Yadda Zamani Ya Sake

Da motoci suka yawaita, sai manyan motocin kaya suka riƙa ɗaukar alhazai daga Kano da Maiduguri zuwa Ubayyid. Wajen 1948 Alhaji Mahmudu Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai wadda a ke taƙaita sunanta WAPA, daga nan Wapa ta Fagge ta sami suna. A cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano. Yau tafiyar da ta ci wa mutanen da shekaru, kamar awa biyar ce. Tsohuwar hanya kuwa ba ta biyuwa yanzu, saboda tashin hankalin da ya fara a Barno a 2009, da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023.

Amma tafiyar ƙasa ba ta mutu a duniya ba. A waɗansu ƙasashe mutane su kan yi ta don motsa jiki da ganin ƙasa, har gwamnati ta keɓe musu hanyoyi. A Ingila akwai wadda ta bi gaɓar teku ta kudu maso yamma, daga garin Minehead zuwa Poole, tsawonta mil 630, watau kilomita 1,014. Asalinta turba ce ta masu gadin gaɓa, waɗanda ke tsaron 'yan fasa-ƙwauri. Mai bin ta a hankali ya kan yi mako bakwai ko takwas. A Wales kuma an buɗe wata a 2012 mai mil 870.

Kayan mutanen nan sun bambanta da na alhazan da. Suna da jakar goyo maimakon gammo, da tanti mai naɗuwa maimakon bukka, da taswira maimakon jagaba. Amma dokokin ba su sake ba. Su ma su kan rage kaya, su yanka tafiya yini yini, su san inda ruwan sha ya ke kafin su tashi. Yawancin wurare a Ingila ba a kafa tanti sai da iznin mai ƙasa, kamar yadda ayari ba ya sauka sai an gai da mai gari. Abu ɗaya da su ke ƙara lura da shi shi ne cikar teku. Ruwan babban teku ya kan cika ya ja sau biyu a yini da dare, saboda jan da wata ke yi masa. Wanda ya kafa tanti a kan yashin da ruwa ya janye ya bari, cikin dare ruwan zai komo ya same shi, daidai da mai kwana a busasshiyar ƙorama.

A cikin ruwan Poole, inda hanyar Ingila ta ƙare, akwai wani tsibiri mai suna Brownsea. A nan Baden-Powell ya yada zango da yara 20 a 1907, wannan ne mafarin 'yan sikawut, waɗanda suka iso Nijeriya a 1915. Abin da a ke koya musu na kafa tanti, da hura wuta, da ɗaurin igiya, da bin shugaba, fatake da alhazan ƙasar Hausa sun daɗe da saninsa.

Yaran makaranta ma suna iya gwada ɗan zango ɗaya da rani, a gefen Kogin Wudil ko a wata turba kusa da garinsu. Sai dai su tafi da malaminsu, da iznin iyayensu, su sanar da mai gari, su fita da sassafe, kowa da gorar tafasasshen ruwa, kada su shiga kogi, su kuma komo kafin rana ta yi zafi. Wanda ya taka kilomita 10 ya ji yadda ƙafarsa ta yi, in ya tuna akwai waɗanda suka yi irin wannan sau 400 kafin su ga teku, zai san darajar tsofaffin da a ke ce wa alhazan ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Don me talaka ya fi son hanyar gabas bisa hanyar hamada?
2. Mene ne aikin madugu, da na jagaba, da na uban dawaki?
3. Faɗi wurare uku da ba a yada zango a cikinsu, da dalilin ko wanne.
4. In ayari yana cin kilomita 20 a yini, kwana nawa zai yi kafin ya ci kilomita 600?
5. Zana taswira, ka nuna Wudil, da Maiduguri, da Injamena, da Fashir, da Sawakin, da Jidda.